Nawa ne darajar makarantar ƙauye a littafin gwamnati?

A ƙarshen kowace shekara gwamnatoci a Najeriya kan fitar da rahoton kuɗi mai nuna abin da ya shiga baitulmali, da abin da ya fita, da kuma abin da suka mallaka. Na ukun nan shi ya fi wuyar lissafi, domin sai an sa wa kowane gini da fili da hanya farashi.

A manyan birane irin su Kano da Abuja abin da ɗan sauƙi, tun da akwai kasuwar gidaje da filaye, dillalai kuma sun san nawa aka sayar da gidan maƙwabta.

To amma yaya za a yi da ajin firamare ko ɗakin shan magani a ƙauye irin Tungar Daji, cikin ƙaramar hukumar Anka a yammacin jihar Zamfara? Ba wanda zai taɓa taya irin wannan gini. Ƙasar ƙauyen ta taɓa gurɓata da gubar dalma, hanyar zuwa can ma ba kullum take biyuwa ba saboda matsalar tsaro.

Duk da haka ƙa'ida ta ce sai an rubuta adadi. Kuma adadin da aka rubuta yana da tasiri a kan abin da za a ware domin gyara, da abin da za a karɓa in an tashi sayarwa, da ma ko wani zai lura idan kadarar ta salwanta.

Tsohon lissafi da sabo

Tun zamanin baitulmalin En'e har zuwa 'yan shekarun baya, lissafin gwamnati a Najeriya na shiga da fita ne kawai.

Idan an gina asibiti a kan naira miliyan 50, sai a rubuta cewa an kashe miliyan 50 a wannan shekara, shi ke nan. Shekara mai zuwa asibitin ba ya cikin lissafi, tamkar kuɗin man da aka zuba wa mota ta ƙone.

Ba wai ba a rubuta kaya ba ne sam. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san takardar nan da ake liƙawa a bayan ƙofar ofis, mai jera tebura da kujeru da fanka. Ya kuma san kwamitin da kan zagaya ya duba motocin da suka mutu kafin a yi gwanjonsu. Sai dai wannan ƙidaya ce, ba ta faɗin darajar komai.

A watan Yulin 2010 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince Najeriya ta rungumi ƙa'idojin lissafin kuɗin gwamnati na duniya, waɗanda aka fi sani da IPSAS. Wata hukuma ta ƙasa da ƙasa ce ke tsara su, ta kuma fara fitar da su a shekara ta 2000.

An tsara cewa gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi za su soma da sashen da ya shafi shiga da fita a watan Janairun 2014, sannan su koma cikakken lissafi na dukiya da bashi a watan Janairun 2016.

A sabon tsarin, asibitin nan na miliyan 50 ba ya ɓacewa. Yana zama a littafi shekara da shekaru, ana rage masa daraja kaɗan-kaɗan, har ranar da ya rushe ko aka sayar da shi.

Ƙa'idojin sun ba duk gwamnatin da ta shigo sabuwa sassaucin shekaru 3 ta tattara tsofaffin kadarorinta ta ƙiyasta su. Amincewa da ƙa'ida dai daban, aiki da ita daban. Bayan cikar wa'adin, jihohi da dama sun ci gaba da fitar da rahoto bisa tsohon tsari. Waɗanda suka koma sabon kuma, sau da yawa abin da aka saya ko aka gina daga 2016 ne ya fara shiga littafi, tsofaffin gine-gine suna jiran a zo kansu.

Kadarar wa ce?

Kafin a yi maganar farashi sai an san littafin wa kadara za ta shiga. Abin da ƙa'ida ke dubawa shi ne iko: wace hukuma ce ke amfana da kadarar, take kuma iya hana wani amfani da ita.

Wannan tambaya ba ƙarama ba ce a karkarar Zamfara.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. A yankunan karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama da noma bisa al'ada. Riƙon amana ba mallaka ba ce, saboda haka gonakin mutanen Anka ko Bukkuyum ba za su shiga littafin jiha a matsayin dukiyarta ba. Filin da gwamnati ta keɓe wa kanta, kamar na sakatariya ko asibiti ko tashar mota, shi ne ke shiga.

Makarantar firamare kuwa ta fi rikitarwa. Tsarin mulkin 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin ilimin firamare. Amma tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, yawancin sababbin azuzuwa da kuɗin haɗin gwiwa na tarayya da jiha ake gina su, ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Filin kuma sau da yawa mai gari ne ya nuna shi, ba tare da wata takarda ba.

Ke nan gini guda zai iya fitowa a littattafai biyu, ko kuma kowa ya ɗauka yana littafin ɗan'uwansa, ya rasa shiga ko ɗaya.

Haka batun yake ga rijiyar burtsatse da ɗan majalisa ya kawo a matsayin aikin mazaɓa, ko ɗakin haihuwa da wata ƙungiyar agaji ta gina ta miƙa. Ƙa'ida ta ce abin da aka samu kyauta ba a rubuta shi a matsayin maras daraja. Sai an ƙiyasta abin da ya kai a ranar da aka karɓe shi.

Akwai kuma matsalar gado. Ginin da En'e ta Sakkwato ta yi a Anka ko Gummi kafin samun mulkin kai ya ratsa hannaye da yawa: Jihar Arewa, sai Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sai Jihar Sakkwato a 1976, sannan Zamfara da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoban 1996. A tsakanin haka an yi ta tsaga ƙananan hukumomi tun bayan garambawul na 1976. Neman rasiɗin kuɗin da aka kashe wa irin wannan gini ɓata lokaci ne. Shi ya sa ƙa'idojin suka yarda a ƙiyasta darajarsa a ranar da aka shigar da shi littafi, a ɗauki wannan adadi a madadin kuɗin ginawa.

Wasu manyan kadarori da ke cikin jihar ba nata ba ne ko kaɗan. Madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978, tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wato ta tarayya ce.

Kuɗin ginawa ko darajar yau

Ranar da kadara ta fara shiga littafi, ana rubuta ta ne a kan abin da aka kashe: kuɗin kwangila, da na dakon kaya, da ladan masu zane da injiniyoyi, da duk abin da ya zama dole kafin a fara amfani da ita.

Ana raba fili da ginin da ke kansa, ko da tare aka same su. Dalili kuwa shi ne gini yana tsufa, fili ba ya tsufa.

Daga nan hukuma tana da zaɓi biyu.

Na farko shi ne ta bar kadarar a kan kuɗin da aka kashe, tana cire wani kaso kowace shekara saboda tsufa. A rahotannin jihohin Najeriya an fi ganin kashi 2 cikin ɗari ga gine-gine, wato an ɗauka gini zai yi shekara 50. Motoci kuwa shekara 4 ko 5 ake ba su.

A ɗauka, alal misali, an gina jerin azuzuwa a kan naira miliyan 10 a shekara ta 2010. Kowace shekara za a cire naira 200,000. Bayan shekara 15 an cire miliyan 3, saura miliyan 7 a littafi.

Wannan hanya tana da sauƙi da arha, kuma da wuya a yi mata coge, tun da akwai takardar biyan kuɗi. Illarta ita ce ta ɗauka naira tana nan yadda take.

A 2010 dalar Amurka tana kusan naira 150. A farkon 2023 farashin hukuma ya kai kusan 460. Bayan da aka saki kasuwar canji a watan Yunin wannan shekara, dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuma a watan Disamban 2024 alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Siminti da rodi da kwano duk sun bi sahu.

Saboda haka naira 200,000 da ake cirewa azuzuwan nan a shekara ba ta nuna gaskiyar abin da ginin ke ci. Duk wanda ya dogara da ita wajen tsara kasafin gyara zai ware abin da bai kai ya sauya rufin aji guda ba.

Zaɓi na biyu shi ne a riƙa sake ƙiyasta kadarar a kan darajarta ta yanzu. A misalin nan, in a ce gina irin azuzuwan zai ci miliyan 60 bayan shekara 15, kuma saura kashi 70 cikin ɗari na rayuwar ginin, to darajarsa ta kama miliyan 42. Gini ɗaya, rana ɗaya, wata hanya ta ce miliyan 7, wata ta ce 42, kuma dukkansu suna kan ƙa'ida.

Akwai sharuɗɗa. Hukuma ba za ta zaɓi gini ɗaya mai kyau ta sake ƙiyasta shi ta bar sauran ba, sai ta haɗa duk ajin kadarorin da ke irinsa. Kuma in ta fara sai ta riƙa maimaitawa a kai a kai, kada adadin littafi ya yi nisa da gaskiya.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa ƙarin darajar da aka samu ta wannan hanya ba kuɗi ba ne. Idan rahoton jiha ya nuna dukiyarta ta ninka a shekara guda, mai yiwuwa ko bulo ɗaya ba a ɗora ba, masu ƙima ne suka zagaya.

Inda babu kasuwa

Sa wa gida ko fili farashi a hukumance aikin ƙwararru ne masu rajista. Ƙungiyarsu ta ƙasa, NIESV, an kafa ta a 1969, hukumar da ke yi musu rajista kuma dokar 1975 ce ta samar da ita.

Hanyoyi uku suka fi amfani da su. Ko dai su kwatanta da abin da aka sayar da makamanciyar kadarar, ko su duba kuɗin da take kawowa, ko kuma su lissafa abin da za a kashe a sake gina irinta.

Ta farko tana aiki ga gidajen gwamnati da ke unguwannin ma'aikata a Gusau. Ta biyu ta dace da rumfunan kasuwa da tashoshin mota, inda ake karɓar haya da kuɗin shiga. Makaranta da asibitin ƙauye da kwalbati kuwa ba a sayar da su, ba su kuma kawo ko kwabo, don haka hanya ta uku kaɗai ta rage.

Mai ƙima zai auna ginin, ya lissafa abin da gini na zamani mai yin aiki iri ɗaya zai ci a yau, sannan ya cire kason tsufa da lalacewa. Idan an gina makarantar domin yara 600 amma 200 ne ake sa ran za su riƙa zuwa, yana iya ƙiyasta ta a matsayin ƙaramar makaranta.

A nan wani abin mamaki kan fito. Kai siminti da rodi ƙauyen da ke nesa da kwalta, musamman da damina, ya fi tsada a kan sauke su a cikin gari, magina ma sai an ƙara musu kafin su yarda su je. Ke nan aji a ƙauye irin Tungar Daji zai iya fin takwaransa na Gusau daraja a littafi, alhali kuwa in an sa shi a kasuwa ba mai taya shi.

Wannan ba kuskure ba ne. Adadin yana amsa tambayar nawa gwamnati za ta kashe in ta rasa wannan gini kuma tana son yaran ƙauyen su ci gaba da karatu.

Sababbin ƙa'idoji biyu, IPSAS 45 da IPSAS 46, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025, sun fito da wannan fahimta fili. Sun ce kadarar da aka riƙe domin yi wa jama'a hidima ana auna ta ne bisa aikin da take yi yanzu, a inda take. Ba a tambayar nawa za a samu in an rushe makarantar da ke tsakiyar birni an gina shaguna.

Ƙasar Tungar Daji

An ce fili ba ya tsufa. Abin da ya faru a Anka da Bukkuyum ya nuna cewa yana iya lalacewa.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan yankin. Bincike ya gano cewa duwatsun da ake haƙowa domin neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, kuma a cikin gidaje da tsakiyar gari ake daka su ana niƙa su. Ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna da wuraren wasan yara.

Yara fiye da 400 ne suka rasu. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, a lokacin da mizanin Amurka na wuraren wasan yara yake kashi 400.

Maganin cire gubar daga jini ba ya amfani in yaro zai koma gidan da ya kwaso ta, saboda haka sai da aka fara da ƙasar. An soma da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010. Daga ƙarshen wannan shekara zuwa farkon 2011 aka yi Tungar Daji da Abare da Sunke da Duza da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013.

Aikin na hannu ne: a kankare saman ƙasa da fartanya da shebur, a kwashe a buhuna, a kai ramukan da aka haƙa a bayan gari a binne, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith ne suka ba da shawarar ƙwararru, tare da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi da mutanen ƙauyukan. A ƙauyuka 8 an kwashe ƙasa da tarkace fiye da kubik mita 27,000.

Mene ne matsayin wannan duka a lissafi?

Da farko, yawancin wuraren da aka tsabtace gidajen mutane ne. Ba kadarar gwamnati ba ne, don haka faɗuwar darajarsu da farfaɗowarta ba za su fito a rahoton kowace hukuma ba. Kuɗin da aka kashe a kansu kashewa ce ta wannan shekara, ba ta haifar da wata dukiya a littafi.

Idan kuwa filin hukuma ne ya gurɓata, kamar harabar makaranta, ƙa'idar IPSAS 21 ta ce a rage masa daraja. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ta yarda da su ita ce a cire kuɗin da za a kashe kafin wurin ya koma yadda yake. In kuɗin tsabtacewa ya kai darajar filin ko ya fi, wanda abu ne mai sauƙin faruwa a ƙauye, to filin ya tashi ba shi da daraja a littafi har sai an gyara shi.

Sai batun alhaki, wanda ya fi na daraja nauyi. Ƙa'idar IPSAS 19 ta ce idan wani abu da ya riga ya faru ya ɗora wa hukuma nauyin da ba ta da hanyar kauce masa, ko ta doka ko ta alkawarin da ta yi a bainar jama'a har mutane suka dogara da shi, kuma ana iya ƙiyasta kuɗinsa, to ta rubuta shi a matsayin bashi tun kafin ta biya.

A shekara ta 2012 ƙungiyoyi sun yi ta kira ga gwamnatin tarayya ta saki naira miliyan 850 da ta yi alkawari domin wannan aiki, amma sai a farkon 2013 kuɗin tsabtace Bagega suka fito. A tsarin shiga da fita da ake bi a lokacin, watannin nan na jira ba su bar wata alama a littafi ba, tun da ba a biya komai ba. A sabon tsarin, mai binciken kuɗi yana da hurumin tambayar ko alkawarin ya zama bashi.

Ramukan da aka binne ƙasar ma suna nan. Dalma ba ta ruɓewa. Wuri ne da ke buƙatar a riƙa duba shi, kada ruwa ya zaizaye shi ko wani ya tone. A harshen lissafi, wannan fili ne da darajarsa ba ta taka kara ta karya ba, amma yana ɗauke da nauyin kulawa na shekaru masu yawa.

Zinariyar da ta jawo duk wannan kuwa ba ta Anka ba ce, ba kuma ta Zamfara ba. Sashe na 44 na tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa. Ita ce ta haramta haƙa a jihar a watan Afrilun 2019, ita ce kuma ta ɗage haramcin a watan Disamban 2024. Ko a littafin tarayyar, ma'adinin da ba a haƙo ba ba ya shiga a matsayin dukiya, domin ba a iya tabbatar da yawansa balle darajarsa.

Gini na tsaye, aiki ya tsaya

Rage daraja ba ta tsaya ga gurɓata ba. Ƙa'idar ta lissafa alamomin da ke sa a sake duba kadara, ciki har da lalacewar jiki, kamar abin da ambaliyar damunar 2024 ta yi a Gummi, da kuma gushewar buƙatar hidimar da kadarar ke yi.

Alama ta biyun ita ce ta fi shafar yammacin Zamfara. Bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a watan Fabrairun 2021, da wani harin a yankin Maradun a watan Satumba, gwamnatin jihar ta rufe makarantu. Rufewa ta ɗan lokaci ba ta rage darajar gini. Amma inda mutanen gari suka watse suka koma Anka ko Gusau, shekara ta zagayo ba su dawo ba, ginin da suka bari ba ya yin aikin da aka yi shi dominsa, kuma littafi ya kamata ya nuna haka.

Wahalar ita ce wa zai je ya gani. Mai ƙima da ba zai iya shiga ƙauye ba sai ya zauna a ofis ya yi lissafi da takardun kwangila. Takarda kuwa ba ta nuna cewa iska ta yaye rufi, ko an ciccire tagogi.

Masu dubawa

Sashe na 125 na tsarin mulki ya ɗora wa Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha nauyin duba rahoton da Babban Akanta ya shirya, ya miƙa wa majalisar dokoki nasa rahoton cikin kwana 90 da karɓarsa. Ƙananan hukumomi suna da nasu mai binciken, wanda dokar jiha ta tanada.

Shekaru da yawa irin waɗannan rahotanni kan makara, wasu ma ba sa fitowa. Abin ya sauya sosai bayan 2018, lokacin da Bankin Duniya ya amince da shirin SFTAS na dala miliyan 750, wanda ya gindaya wa jihohi sharaɗin wallafa rahoton da aka bincika a kan lokaci kafin su samu tallafi. Jihohi sun kuma kafa hukumomin tattara bayanan filaye ta kwamfuta, irin su KADGIS a Kaduna da ZAGIS a Zamfara, ko da yake aikinsu ya fi ƙarfi a birane.

A matakin tarayya, cece-kucen da ya biyo bayan sayar da gidajen gwamnati a Abuja daga 2005 ya nuna abin da kan faru in an tashi sayar da kadarar da ba ta da adadi a littafi tun farko. A 2023 an sake fasalin hukumar MOFI, aka ba ta aikin haɗa rajistar kadarorin ƙasa.

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. New Zealand ce ta fara fitar da cikakken lissafin dukiya da bashi na gwamnati baki ɗaya a farkon shekarun 1990. Jihohi da biranen Amurka, bisa ƙa'idar da aka fitar a 1999, sun tsaya a kan kuɗin ginawa. Birtaniya ta zaɓi darajar yau, kuma ta ɗanɗana kuɗarta: jayayya tsakanin ƙananan hukumomin Ingila da masu bincike a kan ƙimar gine-gine da hanyoyi na cikin abubuwan da suka sa ɗaruruwan rahotanni suka taru ba a sa musu hannu ba. A watan Nuwamban 2024 Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasar ya ƙi ba da ra'ayi a kan haɗaɗɗen lissafin gwamnati na shekarar 2022 zuwa 2023.

In har ƙasar da ke da ƙwararru da takardu ta sarƙe a nan, to da wuya a ce abin da ƙaramar hukuma kamar Anka ko Bukkuyum ta fi buƙata shi ne a ɗauko mata masu ƙima duk shekara. Abin da ya fi gaggawa, kuma ya fi arha, shi ne rajista: sunan kowace kadara, da inda take, da shekarar da aka yi ta, da hukumar da ke da ita, da halin da take ciki. Ba a iya ƙiyasta abin da ba a ƙidaya ba.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya ƙara wa tambayar nauyi, domin ƙaramar hukumar da za ta riƙe kuɗinta sai ta san gine-ginen da ke wuyanta.

Wanda ke son dubawa da kansa zai iya buɗe rahoton kuɗi na jiha ko na ƙananan hukumomi da aka wallafa a intanet. Idan bisa cikakken lissafi aka shirya shi, a cikin bayanan da ke ƙarshe akwai jadawalin filaye da gine-gine da kayan aiki. Yana nuna darajar farkon shekara, da abin da aka ƙara, da abin da aka sayar, da kason tsufa, da abin da aka rage saboda lalacewa, sannan darajar ƙarshen shekara. Shafin manufofin lissafi kuma shi ne zai faɗi ko a kan kuɗin ginawa aka tsaya ko darajar yau, da kuma ko an shigar da gine-ginen da suka girmi 2016.